Ruwan Kanal da Ruwan Rijiya: Sharhi a kan Littattafai Biyu Masu Auna Koyarwar Buda da Ma'aunin Kimiyya

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani, da zarar ya kai Kura ya doshi Kadawa, zai ga ƙasa kore shar a lokacin da ko'ina ya bushe. Ruwan da ya kawo wannan ni'ima daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka gama ginawa a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Yakan biyo babban kanal, ya rabu reshe biyu, ɗaya ya nufi ƙasar Bunkure ɗaya ya nufi Kura da Garun Malam, sa'an nan ya yi ta rarrabuwa cikin ƙananan magudanai har ya kai ga fangalin shinkafa ko alkama ko tumatir. Manomin da ke tsaye bakin fangali da fartanya, yana buɗe wa ruwa nan yana toshe can, ba lalle ne ya san cewa masu hikima na addinai biyu da ke nesa da juna sun buga misali da sana'arsa ba. A cikin Dhammapada, ɗaya daga cikin shahararrun littattafan addinin Buda, akwai baitin da ya kamanta mai horon kansa da mai ban ruwa. Imam Gazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, kuma har yau ake karanta Ihya'unsa a zaurukan malaman Kano, ya kamanta zuciya da tafki wanda ake iya cikawa ta hanya biyu: ko a janyo masa ruwa daga koguna ta magudanai, watau ilmin da ke shigowa ta ido da kunne da sauran gaɓɓai, ko kuwa a toshe magudanan, a yi ta haƙa ƙasansa har ruwa garai ya ɓuɓɓugo daga ciki.

Manufar wannan maƙala ita ce a yi sharhi a kan littattafai biyu da suka fito a Amurka a 2017, waɗanda ke ƙoƙarin nuna cewa masu ruwan kanal, watau masana kimiyya, sun auna ruwan rijiyar mabiya Buda sun same shi mai kyau. Na farko shi ne Altered Traits na Daniel Goleman da Richard Davidson, sunan da ke nufin ɗabi'un da suka sauya. Na biyu shi ne Why Buddhism Is True na ɗan jarida Robert Wright, watau dalilin da ya sa addinin Buda ya zama gaskiya. Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa nazarin Hausa da wannan magana. Dalilin shi ne irin wannan hujja ta daɗe da shigowa ƙasar Hausa. Tun da littafin likitan nan na Faransa, Maurice Bucaille, ya fito a 1976 yana gwama Alƙur'ani da kimiyya, kalmar "kimiyya ta tabbatar" ta sami gindin zama a bakin masu wa'azi da alƙaluman ɗalibai, kuma ba abin mamaki ba ne yau a ji ana faɗinta a kan zikiri da sujada. Mabiya Buda sun riga kowa bin wannan hanya, saboda haka akwai amfani a duba inda ta kai su. Bayan haka, babban raunin hujjar rauni ne na fassara, kuma harshen Hausa yana fallasa shi ta yadda Turanci ba ya yi.

Abin da aka auna

A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri a asibitin Jami'ar Massachusetts, inda ake koya wa masu fama da ciwo mai naci su zauna shiru su bi shigar numfashinsu da fitarsa. Daga malaman Buda ya koyo dabarar, amma ya tuɓe mata rigar addini domin ta shiga asibiti. A 1987 kuma Dalai Lama, jagoran mabiya Buda na Tibet, ya fara zaman tattaunawa da masana kimiyya a Dharamsala ta ƙasar Indiya. Daga waɗannan mafarai biyu ne binciken ya bunƙasa. Wanda ya fi yin suna shi ne na 2004 a Jami'ar Wiskonsin, inda Antoine Lutz da Davidson da abokan aikinsu suka ɗora na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa a kan mutum 8 da suka shafe sa'o'i 10,000 zuwa 50,000 suna wannan horo, suka tarar da wata kaɗawar wuta mai sauri, wadda ake kira gama, ta yi ƙarfi a ƙwaƙwalwarsu fiye da ta ɗaliban da aka kwatanta su da su.

Tilas a yaba wa Goleman da Davidson a kan abu biyu. Na ɗaya, sun faɗa da bakinsu cewa daga cikin rahotannin bincike kimanin 6,000 da aka tace, wajen 60 kawai suka cika sharuɗɗan inganci. Ba kowane mai tallar haja ke faɗin haka a kan hajarsa ba. Na biyu, sun kafa littafin a kan bambanci tsakanin yanayin da ke saukar wa mutum yana cikin zaman natsuwa ya wuce da ya tashi, da ɗabi'ar da ke zaune masa ko yana kasuwa. Wannan bambanci daidai ne, ko da yake ba sabo ba ne. Duk almajirin da ya karanta Risalar Ƙushairi ya san yadda sufaye suka raba hali da muƙami: hali baƙo ne mai zuwa ya tafi, muƙami kuwa mazauni ne da ake kai wa da mujahada.

Inda littafin ya yi rauni shi ne inda ya fi ɗoki. Mutumin da ya yi shekaru a halwa a kan duwatsun Himalaya ya bambanta da ɗalibin jami'a a shekaru da abinci da tarbiyya da imani, kuma babu wanda ya auna ƙwaƙwalwarsa kafin ya shiga halwar. Saboda haka ba a iya rantsewa cewa horon ne ya haifar da bambancin, ba bambancin ne ya ja shi ga horon ba. Abin da ya biyo bayan fitar littafin ya daɗa nuna dalilin yin taka-tsantsan. An daɗe ana yayata wani bincike na 2011 da aka yi a kan mutum 16, wanda ya ce mako 8 na horon yana ƙara kaurin wasu sassan ƙwaƙwalwa. A 2022 ɗakin binciken Davidson kansa ya sake gwajin da mutane fiye da 200, aka raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, ba a ga wannan sauyi ba. A shekarar nan ce kuma aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Ingila, a makarantu fiye da 80 da yara fiye da 8,000, aka tarar horon bai fi darussan da aka saba yi amfani ga lafiyar ransu ba. Abin da ya rage bayan tankaɗe da rairaya ba banza ba ne: akwai hujja matsakaiciya cewa horon na rage fargaba da zogin ciwo, kuma yana taimaka wa wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa kada ciwon ya dawo. Amma wani bita da aka yi wa gwaje-gwaje 47 a 2014 bai sami shaidar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. Wannan matsayin maganin kirki ne cikin sauran magunguna, ya yi nesa da matsayin hujjar gaskata addini.

Littafin Wright

Wright bai tsaya ga amfani ba, gaskiya ya nema. Hujjarsa ta ginu a kan ra'ayin Darwin na rikiɗar halitta. A ganinsa ba a ƙera sha'awa da tsoro da fushi domin su nuna wa mutum gaskiya ba, sai domin su sa shi ya ci ya tsira ya hayayyafa. Shi ya sa daɗi ba ya daɗewa, don mutum ya koma nema. Wannan ƙishirwa da ba ta yankewa ita ce, in ji shi, abin da Buda ya kira dukkha kimanin ƙarni 5 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), kuma zaman natsuwa ne ke sassauta igiyarta. Rubutun yana da daɗi, marubucin kuma yana da raha da kansa, wanda hakan ke sa mai karatu ya sake jiki da shi fiye da yadda ya kamata.

Tun a shafukan farko Wright ya sanar cewa ya ajiye batun sake haihuwa bayan mutuwa da sauran al'amuran gaibi, zai ɗauki abin da hankalin zamani ya yarda da shi kawai. A nan gizo ke saƙar. A koyarwar Buda ta asali, dukkha ba gundurar mai arziki ba ce. Wahalar kai-komo ce tsakanin haihuwa da mutuwa ba iyaka, gwargwadon abin da mutum ya aikata, kuma nibbana ita ce kuɓuta daga wannan zagaye. Wanda ya cire wannan ya cire dalilin da ya sa aka shiga halwar tun farko. Misalinsa kamar marubucin da zai ce zai tabbatar da gaskiyar Musulunci, sa'an nan ya ajiye Lahira da hisabi da wahayi gefe, ya riƙe alwala saboda tsafta da azumi saboda rage ƙiba. Ko da duk abin da ya faɗa game da tsafta daidai ne, babu malamin da zai yarda cewa Musulunci ya tabbatar.

Haka kuma maganarsa a kan anatta, watau koyarwar cewa babu wani "kai" tabbatacce a cikin mutum. Wright ya kawo ra'ayin masana halayyar ɗan Adam masu cewa ƙwaƙwalwa tarin sassa ce masu gasa da juna, babu sarki guda a cikinta mai yanke hukunci, ya ce to ga shi kimiyya ta gaskata Buda. Amma rashin samun sarki a wani lungu na ƙwaƙwalwa bai nuna babu mutum ba. Wanda ya bi aikin ban ruwa na Kogin Kano daga Tiga zuwa Bunkure yana neman wurin da zai ɗora yatsa ya ce "ga aikin nan" ba zai samu ba, sai kanal da ƙofofin ruwa da gonaki da manoma. Wannan bai sa aikin ya zama mafarki ba. Masanin falsafa Evan Thompson, wanda shi kansa ya daɗe cikin tattaunawar Dharamsala, ya yi wa Wright raddi mai kama da wannan a 2020: abin da aka gina daga sassa ginanne ne, ba ruɗi ba ne. Kafin shi Donald Lopez ya nuna a 2008 cewa tun ƙarni na 19 ake cewa addinin Buda ya dace da kimiyya, alhali kimiyyar da ake nufi tana ta sauyawa, daga ta Darwin zuwa ta Einstein zuwa ta ƙwaƙwalwa. Abin da ya dace da kowace riga, akwai alamar tela ne ke rage shi a ɓoye.

Inda fassara ta yi ɓarna

Telan kuwa shi ne mai fassara. Kalmar da binciken nan duka ya rataya a kanta ita ce ta Turanci mindfulness, wadda T. W. Rhys Davids ya zaɓa a 1881 don fassara kalmar sati ta harshen Pali. Asalin ma'anar sati shi ne tunawa. A tsofaffin littattafan Buda aikinta shi ne ta riƙe wa mai horo koyarwar a ransa, ta riƙa rarrabe masa tunani mai kyau da marar kyau, kamar mai gadin ƙofa. Bayan Ingila ta gama cinye ƙasar Bama a 1885, malamai irin su Ledi Sayadaw, daga baya kuma Mahasi Sayadaw, suka sauƙaƙa horon suka fitar da shi daga hannun masu zuhudu zuwa ga talakawa. Wani Bajamushe mai zuhudu a Siri Lanka, Nyanaponika, ya bayyana wa Turawa shi a matsayin lura tsagwaronta. Da ya iso hannun Kabat-Zinn sai ya zama lura da abin da ke faruwa yanzu ba tare da yanke masa hukunci ba. Kalmar da ta fara da tunawa da rarrabewa ta ƙare da zama a yanzu da barin hukunci. Abin da na'ura ta auna a asibiti ke nan, kuma shi ne ake komawa a ce ya gaskata wanda ya koyar da na farkon.

A gwada juya kalmar zuwa Hausa a ga abin da zai faru. Tun daga tushe, Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da mind. Akwai hankali, wanda ke tashi ya kwanta, a mai da shi, a fita daga cikinsa. Akwai zuciya, wadda ke raya wa mutum abu, ake saƙa a cikinta, kuma in an ce mutum ya yi zuciya ana nufin ya fusata. Akwai rai, wanda ke ɓaci, kuma shi ne ke yin halinsa ranar mutuwa. Akwai kurwa, wadda maye ke kamawa a tsohon imani. Akwai ƙwaƙwalwa, wadda ita kaɗai ce ake iya sa wa na'ura. Malamai sun ƙaro nafsi da ruhi daga Larabci, kuma Gazali ya buɗe babinsa na abubuwan al'ajabin zuciya da rarrabe ma'anonin ƙalbi da ruhi da nafsi da aƙali, yana gargaɗin cewa yawancin kuskure a wannan fage daga cakuɗa sunayen nan yake tasowa. Marubucin Turanci na iya fara jimla da ƙwaƙwalwa ya ƙare ta da zuciya, kalma guda ta rufa masa asiri. Mai fassara zuwa Hausa dole ya zaɓa a kowane layi, kuma da ya zaɓa sai a ga inda aka yi tsalle.

Ita kanta mindfulness ta fi wuya. In an ce mai da hankali, Bahaushe zai tambaya, a kan me? In an ce lura, da me? In an ce tunawa, da wa? Kalmomin Hausa na wannan fage suna neman abin da aikin ya faɗa a kansa, alhali Turanci ya ƙera suna wanda ya haɗiye wannan tambaya. Natsuwa ce kaɗai ke tsayawa da ƙafarta, amma ita sakamako ce, ba aikin ba. Sa'an nan hankali a Hausa ba ya rabuwa da hukunci. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya jera hankali tare da gaskiya da amana da kunya da haƙuri cikin siffofin ɗabi'a, kuma ya yi daidai: yaro ya yi hankali ne ranar da ya fara rarrabe abin da ya kamata da wanda bai kamata ba. Don haka "hankali marar hukunci" magana ce mai cin karo da kanta a Hausa. Abin sha'awa shi ne a nan Hausa ta fi Turancin asibiti kusa da tsohuwar ma'anar sati.

Zikiri a ƙarƙashin na'ura

Kalmar zikiri ma daga tunawa da ambato ta samo asali, kuma a nan ne maganar ta dawo gida. A garuruwan da ke cikin aikin ban ruwan nan, kamar sauran ƙasar Kano, manomin da ya wuni a fangali yakan zauna da 'yan'uwansa Tijjanawa kewaye da farin ƙyalle a yi wazifa: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Ƙadirawa kuma, musamman ta hanyar Shaihu Nasiru Kabara wanda ya rasu a 1996, suna da bandiri da zikirin anfasu, inda ambato ke tafiya tare da fitar numfashi da shigarsa. Akwai ƙidaya, akwai maimaitawa, akwai sarrafa numfashi, akwai halwa. Har ma ana iya ganin kama tsakanin yadda malaman Bama suka buɗe horonsu ga talakawa a zamanin mulkin mallaka da yadda tarbiyyar Shaihu Ibrahim Inyas ta yaɗu a Kano bayan haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a 1937, ko da yake bai kamata a ja wannan kama ta wuce iyakarta ba. Fana'in sufaye ɓacewa ce a cikin Wanda ake ambato, anatta kuwa ba ta san da Wanda ake ambato ba.

Babu shakka in an ɗora wa mai anfasu na'ura za a ga wani abu. An ma fara: Andrew Newberg da abokansa sun buga rahoto a 2015 a kan hoton ƙwaƙwalwar Musulmi masu ibada mai zurfi, amma mutum 3 kacal suka auna, adadin da bai isa a gina komai a kansa ba. A ƙaddara an auna mutum 300 a Kura an ga bugun zuciyarsu ya lafa. Me aka tabbatar? An tabbatar da cewa maimaita lafazi tare da daidaita numfashi na kwantar da jiki, kuma mai yiwuwa ne a sami irin wannan ga mai maimaita kowane lafazi. Malamin da ya kafa hujja da wannan sakamako ya yarda ke nan, ba da saninsa ba, cewa lafazin ba shi ne abin lura ba. Shi kuwa mai zikiri, abin da yake gudu gafala ce, abin da yake nema halartowar zuciya ce a gaban Ubangijinsa, kuma in aka ce masa ya ja carbi don hawan jini zai ce an taɓa masa niyya. Haka nan saɓanin da ke tsakanin 'yan ɗariƙa da ƙungiyar Izala tun kafuwarta a 1978 saɓani ne a kan nassi da abin da ya inganta daga Sunna. Hoton ƙwaƙwalwa ba zai ƙara wa kowane ɓangare ko ƙwayar hujja ba, sai dai ya ƙara hayaniya.

Akwai wurin da ilmin gida ya riga binciken. Littattafan biyu ba su ba illar horon muhimmancin da ya kamata ba, alhali a shekarar da suka fito Willoughby Britton da abokan aikinta sun buga hirar da suka yi da masu horon Buda 60 a ƙasashen Yamma waɗanda suka gamu da firgita da rashin barci da jin sun rabu da jikinsu, wasu har tsawon watanni ko shekaru. A ƙasar Hausa kowa ya san maganar wanda ya ja wuridi ba izini ya taɓu, an san majazubi, kuma saboda haka ne ɗariƙu suka shar'anta muƙaddami da izini da adadi. Ko mutum bai karɓi bayanin da ake bayarwa na dalilin taɓuwar ba, lurar daidai ce: abin da ke da ƙarfin gyara zuciya yana da ƙarfin birkita ta, kuma wanda ya cire dabarar daga hannun shehi ya sa ta cikin wayar hannu ya bar mai tsaron a baya.

Manoman Kura sun san wannan darasi ta wata fuska. Lokacin da aka tsara aikin Kogin Kano, abin da aka sa a ma'auni shi ne buhunan alkama da za a samu a kowace kadada, kuma an samu amfani wanda ba mai musunsa. Sai a shekarun 1990, da Edward Barbier da wasu masana suka ƙidaya kifi da itace da noman fadama na dausayin Haɗeja zuwa Nguru, wanda ambaliyarsa ta ragu bayan an tare ruwa a Tiga, aka ga cewa ruwan yana haifar da arziki a can fiye da yadda yake haifarwa a kanal, mudu da mudu. Ma'aunin farko bai yi ƙarya ba; abin da aka ɗora masa kawai ya auna. Masu auna horon Buda sun ɗora fargaba da zogi da kaurin ƙwaƙwalwa, domin su ne ke hawa sikeli.

In za a juya ɗaya daga cikin littattafan nan zuwa Hausa don amfanin ɗalibai, na Goleman da Davidson ne ya cancanta, saboda yana koya wa mai karatu yadda ake tuhumar rahoton bincike, da sharaɗin a haɗa shi da bayanin sakamakon 2022. Mai fassarar kuma ya bar sati a matsayin sati inda ake maganar koyarwar Buda, ya kira abin da ake yi a asibiti horon lura da numfashi, kada ya ara wa ko ɗaya daga cikinsu kalmar zikiri ko muraƙaba.